Tsohon babur ɗin tiriyal a Damagaram: wanne za a saya, kuma zai hau titi?

Wanda ya kalli Toni Bou, gwanin wasan tiriyal ɗan Sifen, a waya yana haye dutsen da ya fi shi tsayi bisa babur, sannan ya ɗaga kai ya dubi duwatsun da suka kewaye Birni, dole ransa ya biya. Sai dai sabon babur irin nasa tsada gare shi, kuma ba a yi shi don titi ba. Shi ya sa masu sha'awa ke komawa ga tsofaffin, na shekarun 1970 da 1980. Ga tambayoyin da suka fi tasowa.

Mene ne tiriyal, kuma me ya raba babur ɗinsa da kuros?

Kuros, wato tseren babura a filin ƙasa, gudu ne, tiriyal kuwa natsuwa. Ana shata wani ɗan wuri mai wuyar bi, duwatsu ko gangare ko cikin ƙorama, mahayi ya ratsa ba tare da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ba. Ya dafa ƙasa sau ɗaya, an rubuta masa maki 1. Ya faɗi, maki 5. Mai ƙarancin maki shi ya ci. A Birtaniya wasan ya tashi, kuma gasar kwana shida ta Sikotilan, wadda ta samo asali a 1909, har yanzu ana yin ta.

To, a kan wannan buƙata aka ƙera babur ɗin. Ba shi da nauyi, cikinsa ya yi nisa da ƙasa, kansa na juyawa sosai har ka iya kewaya a tsakar gida. Giya ta ɗaya zuwa ta uku a matse suke, injin kuma yana ja a hankali ba ya mutuwa, ko da tafiyar ba ta wuce ta mai tafiya a ƙasa ba. A tsaye ake tuƙa shi.

Me ya sa tsoho? Ai sabo ya fi.

Ya fi a gasa. Na yanzu nauyinsa wajen kilo 70 ne, amma babu wurin zama ko kaɗan, tankinsa bai kai lita 3 ba, kuma ruwa ke sanyaya injin da ƴar fanka. Ba abin da za ka ɗauka daga Zango ka fita bayan gari ka dawo ba ne. Tsofaffin masu shoka biyu a baya suna da kujera ko da ƙarama ce, tankinsu lita 4 zuwa 6, iska ke sanyaya su, kuma da yawa daga cikinsu da fitila aka sayar da su tun farko. Komai nasu a fili yake, makanike zai iya kwance karbireta a gindin bishiya ya mayar.

To wanne zan nema?

Gida biyu ne, na Sifen da na Japan, da ɗan na Italiya a gefe.

A wajen suna dai, na Sifen ne a gaba. Bultaco ta Basalona ta ɗauko gwanin mahayi Sammy Miller, suka fito da Sherpa T, ya ci gasar Sikotilan da shi a 1965, daga nan manyan baburan Ingila masu nauyi suka fara ja da baya. Montesa ta biyo da Cota 247 a 1968, Ossa ta yi nata da sunan mahayinta Mick Andrews. Har akwai waɗanda aka ƙara wa kujera da tanki don yawo, kamar Bultaco Alpina da Ossa Explorer, kuma a takarda su ne daidai abin da muke nema. Amma ni ba zan ce ɗan Zinder ya saye su ba. Bultaco ta rufe tun 1983. Duk abin da ya karye, daga Turai za a aiko shi, ka jira, ka biya kuɗin aike da na duwan, wato kwastan. Ƙari a kan haka, tsofaffin Bultaco giyarsu a ƙafar dama take, birki a hagu. Wanda ƙafarsa ta saba da Kasea ko Haojue, ranar da jaki ya faɗo masa a titi zai taka giya yana neman birki. Fantic 200 da 240 na Italiya sun fi su iya hawa, amma matsalar kayan gyara ɗaya ce.

Na Japan su ne na mu. Yamaha ta ɗauki Mick Andrews ɗin nan, ta fito da TY250 a 1973, sai TY175 a tsakiyar shekarun 1970. Honda ta yi TL125 a 1973, sannan TLR200 a 1983, wanda aka sayar a Amurka da sunan Reflex a 1986 da 1987 da fitilu da sigina, a shirye don titi. Suzuki RL250 da Kawasaki KT250 ma sun fito, sai dai ba su yi yawa ba, kayansu sun fi wuya.

Dalilin fifita Yamaha da Honda bai wuce dangi ba. Injin TY175 ɗan gidan su Yamaha DT ne, DT kuwa makanikan garin nan sun daɗe da sanin cikinsa saboda ma'aikatan gandun daji da na ayyukan raya karkara da suka yi ta hawansa. TL125 da TLR200 dangin Honda XL ne. Ba kowane abu ke shiga ba, kar wani ya ruɗe ka, amma buji, sarƙa, boris, igiyar kulochi da ta totur, waɗannan za ka samu a nan, ko a aiko maka daga Kano, tafiyar da ba ta kai kilomita 250 ba. In da zaɓi, TLR200 ne na farko ga mai son hawa titi, TY175 ga wanda duwatsun suka fi damunsa. TL125 lafiyayye ne amma ba shi da ƙarfi, mai jiki zai raina shi.

Inji mai bugu biyu ko mai bugu huɗu?

Mai bugu biyu, irin TY, ya fi sauƙin nauyi da saurin amsa totur, amma yana shan mai kuma sai an gauraya masa baƙin mai na 2T. TY na da famfon da ke gaurayawa da kansa, sai dai mutane da yawa sun cire shi. Ka tambaya kafin ka tayar, domin in an cire famfo ka zuba fetur zalla, injin ba zai kai ka ƙofar gari ba. Mai bugu huɗu, irin Honda, ya fi tattalin mai da shiru, kuma yana riƙe kansa a gangare. A zafin watan Afrilu da Mayu, da ake wuce digiri 40, kowannensu yana so a riƙa tsayawa ya huce, tunda a tafiyar hawainiya iska ba ta dukan injin.

An ce mini babur ɗin gasa ba ya samun takarda. Gaskiya ne?

Nan ne mutane suka fi ƙonewa. Babura da yawa na tiriyal ba a taɓa yi musu rajista ba ko a ƙasar da suka fito, domin a mota ake kai su fili a dawo da su. Wasu an sauya musu firam bayan ya karye. Don haka kafin ka dubi fenti, durƙusa ka dubi wuyan firam, inda aka buga lamba. Goge ƙurar da yatsa, ka haska da fitilar waya. Lambar ta fito sarai, ba alamar an goge ko an sake bugawa, kuma ta zo daidai da ta takardar da ke hannun mai sayarwa. In daga waje aka shigo da shi, sai da takardar duwan, ita ce tushen samun kat giris, wato takardar rajistar babur, da lamba. Bayan su inshora, lasisin tuƙi da hular kwano. Mai sayarwa da ya ce "ai takarda ba matsala, za a yi daga baya", ce masa ya yi ta tukuna, kuɗin na nan. Babur mai tsatsa da cikakkun takardu ya fi mai ƙyalli da ba shi da su, domin tsatsa makanike ke gyara ta, takarda kuwa jandarma ke tambaya a shinge.

Fitila da sauran kayan titi fa?

Kana buƙatar fitilar gaba, jar fitilar baya mai kamawa da birki, oda, madubi, da salansa mai rufe ƙara. Tsofaffin na 1970 yawanci wutarsu bolt 6 ce kai tsaye daga maganeto, ba batir. In inji ya lafa fitila ta dushe, in ka murza ta haska. Za ta ishe ka dawowa gida da magariba, amma ba ta tafiyar dare ba ce. Ka tabbatar kwayil ɗin fitila na nan a cikin maganeto, masu gasa kan cire shi. TLR200 ya fi su a nan, wutar tashinsa ma ta na'urar lantarki ce, wato CDI, babu gogar kwantak.

Birkin duka na ganga ne. An yi shi don tafiyar dutse, ba don tsayuwar gaggawa a cunkoson kasuwar Dole ba, kuma in ya jiƙe da damina sai ya bushe kafin ya kama.

Zai iya rairayi? Zai kai ni Tanut?

Rairayi ba fagensa ba ne. Yashi mai zurfi yana son gudu da taya mai manyan haƙora, tayar tiriyal kuwa ƙananan ƙwayoyi gare ta masu taushi, don ta manne wa dutse. Za ka ratsa ƙaramin kori, amma doguwar hanyar yashi za ta gajiyar da kai da injin. Inda yake nuna kansa shi ne fako, tsakuwa, gefen kwazazzabo da kan duwatsu.

Mirya, kilomita 18, zai je ya dawo a natse, kana kilomita 50 zuwa 60 a awa. Tanut kuwa, wajen kilomita 150, kujerar da tankin ba za su yarda ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mai son irin wannan tafiya, DT125 ko XL ya kamata ya nema, kuma gaskiya rabin masu tambayar tiriyal abin da suke buƙata ke nan.

Sai maganar iska. A kan dutse ana sauke tayar baya ta yi laushi sosai, har ka danna da babban yatsa ta lotsa. Da wannan iskar ba a hawa kwalta, tayar za ta yi zafi ta riƙa lilo. Ka riƙe ƙaramin famfo, da kayan faci, tunda ƙayar aduwa ba ta san darajar taya ba. Girman ƙafafun 21 ne a gaba, 18 a baya, tib ɗinsu ba ya wuya, tayar tiriyal ta gaske ce sai an yi oda.

Me zan duba a jikinsa kafin in biya?

Kwantar da shi ka dubi cikinsa. Nan ne ya sha dukan dutse shekara da shekaru: farantin kariya, bututun firam na ƙasa, da ƙasan injin ko an like tsaga da gam. Dubi inda matakan ƙafa suka haɗu da firam, da wuya, ko akwai walda. Bi waya-wayan ƙafa da sukundireba kana ƙwanƙwasawa, mai lafiya tana ƙara, sakakkiya tana yin dum. Taka kik a hankali ka ji ko yana zamewa, musamman a TY175. Ka ce a bar maka injin da sanyi, ka taɓa da hannunka kafin a tayar. In mai bugu biyu ne ya ƙi sauka bayan ka saki totur, yana shaƙar iska ta wani wuri, sau da yawa ta silin karanshaf, aikin kuma sai an buɗe inji. A ƙarshe buɗe akwatin matatar iska. Soson da ya shekara 40 yana marmashewa a hannu, kuma ƙurar hunturu in ta wuce shi, fistin take ci.

Ina zan hau?

Bayan gari, inda duwatsu suke ba gidaje. Da damina gonar gero ba hanya ba ce, kuma in za ka yi wasa kusa da ƙauye, ka fara gaida mai gari, ka rage ƙara kusa da dabbobi da rijiya. Kada ka fita kai kaɗai. Mai nufin yin nisa gabas ya fara tambayar halin da ake ciki, domin a jihar Diffa an hana hawan babur a 2015 ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, kuma irin wannan doka kan sauya daga yanki zuwa yanki.