Babban Dandali da Ƙaramin Fage a Idon Masu Wasa na Legas

Mawaƙa, makaɗa da 'yan wasan kwaikwayo na Legas sukan raba aikinsu gida biyu, wasan babban dandali da na ƙaramin fage, kuma ra'ayinsu ya sha bamban kan wanda ya fi riba da daɗin yi.

Cikin manyan wuraren akwai Gidan Wasan Ƙasa da ke Iganmu, wanda aka kammala a 1976 domin FESTAC, bikin fasaha da al'adun baƙaƙen fata na duniya na 1977, babban zaurensa kuma an gina shi ne don mutum kusan 5,000. Akwai Dandalin Tafawa Balewa, da zauren otal ɗin Eko inda wasanni ke cunkushewa a watan Disamba. Masu son irin waɗannan wurare suna kafa hujja da suna da kuɗin kwangila: dare ɗaya kan kai mawaƙi inda shekara guda ta bukukuwa ba ta kai shi ba. Ƙorafin da aka fi ji shi ne ƙarancin lokaci. Ƙaramin mawaƙi zai sha go-sulo, ya yi zaman jira har tsakar dare, a ba shi 'yan mintuna ya bi sautin waƙarsa da aka riga aka naɗa, fitilu sun haske masa ido, ba ya ganin fuskar kowa.

Ga Hausawan Agege, Idi-Araba da Obalende, ƙaramin fage shi ne rumfar biki, taron suna da wasan Sallah. A nan mai kalangu ya san wanda ke zaune a kujerar gaba, ya san garinsu da sunan mahaifinsa. Da ya saki kirarinsa sai mutumin ya miƙe, abokai su biyo shi, liƙi ya fara zuba a goshi, yaron makaɗi na durƙushe yana tattarawa. Wannan kusanci shi ne jarin maroƙi, kuma babban dandali ba shi da abin da zai maye gurbinsa, domin ba a yi wa mutum dubu biyar kirari ɗaya bayan ɗaya. Sai dai samun ba shi da tabbas. Ranar da masu hannu da shuni ba su zo ba, da ƙyar ake mayar da kuɗin mota.

Tsakanin biyun akwai wurare irin su New Afrika Shrine da ke Ikeja, wanda mawaƙi Femi Kuti da yayarsa Yeni suka buɗe a 2000, inda makaɗa ke kiɗa kai tsaye na sa'o'i, 'yan kallo kuma na tsaye dab da dandamali.