Ciwon matsewar mafitar ƙirji

Ciwon matsewar mafitar ƙirji, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da TOS, larura ce da ke tasowa idan jijiyoyin da ke gangarowa zuwa hannu suka matse a wata 'yar ƙofa da ke gindin wuya. Ƙofar tana tsakanin haƙarƙari na farko da ƙashin nan da ya miƙe daga gindin wuya zuwa kafaɗa. Abu uku ne ke bi ta cikinta: damin jijiyoyin saƙo da suka fito daga laka, da jijiyar da ke kai jini hannu, da wadda ke mayar da shi zuciya. Wurin dama a cushe yake, ga tsokokin gefen wuya sun tokare shi, don haka ƙaramin canji ya isa ya jawo matsi.

A 1861 wani likitan fiɗa mai suna Coote ya cire wa majinyaciya ƙarin haƙarƙarin da aka haife ta da shi a wuya, a Landan. Sunan da ake amfani da shi yanzu kuwa, Peet da abokan aikinsa ne suka raɗa shi a Amurka a 1956.

Ire-irensa

Fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon, jijiyoyin saƙo ne ke matsewa. Ya fi kama mata, galibi 'yan shekara 20 zuwa 50. Mai shi yana jin ciwo a wuya da kafaɗa yana bin cikin damtse, ƙaramin yatsa da na zobe su sage ko su riƙa yi kamar ana tsira musu allura, wani lokaci da ciwon ƙeya. Idan abin ya daɗe, tsokar gindin babban yatsa na iya zubewa, riƙo ya yi rauni, kofin shayi ya suɓuce ba dalili.

Sauran biyun ba su da yawa amma sun fi haɗari. Idan jijiyar da ke mayar da jini ce ta matse, jini kan daskare a ciki, hannu ya kumbura farat ɗaya, ya yi nauyi, ya sauya launi. An fi ganin haka a samari majiya ƙarfi bayan aikin wahala. Idan kuma mai kai jini ce, wanda bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 ba, hannu ya yi sanyi ƙalau, tafi ya koɗe, yatsu su yi ta zogi. Waɗannan biyu ba a kwana da su a gida.

Abin da ke kawo shi

Wasu da shi ake haifarsu: kusan mutum 1 cikin 100, ko ƙasa da haka, yana da ƙarin haƙarƙari a wuya, ko da yake yawancinsu har su tsufa ba su san da shi ba. Wasu kuma hatsari ne sila, musamman wanda ya fizgi wuya, kamar idan mota ta daki trotro, wato ƙaramar bas ta haya, ta baya. Karayar ƙashin gindin wuya da ta haɗe a karkace, ko ta tara ƙulli, ita ma tana rage faɗin ƙofar, kuma ciwon na iya bayyana bayan an manta da ɗorin. Juna biyu da ƙiba na ƙara matsin.

Amma abin da ya fi shafar talaka shi ne sana'a. Duk aikin da ke sa hannu ya wuni a sama, ko kafaɗa ta ranƙwafa gaba, ko nauyi ya danne ta, yana tsuke ƙofar. A Kumasi ta ƙasar Gana ba sai an yi nisa ba. Bakanike a Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota, yana cikin rami ƙarƙashin mota, hannuwa biyu a sama yana kwance noti, bayan minti kaɗan sai ya sauke hannu ya yarfe shi kafin ya ci gaba. Tela a Aboabo ya duƙufa kan keke tun hantsi, haɓa ta miƙe gaba. 'Yar dako a kasuwar Kejetia, gammo a ka, hannu ɗaya a ɗage ya tallafe kwano. Sunan da ake kiran 'yan dakon da shi ma, kayayo, rabinsa Hausa ne: "kaya" ne aka haɗa da kalmar harshen Ga mai nufin mace. Ba duk mai irin wannan aiki ke kamuwa ba, sai dai wanda ya kamu, aikin ne ke hana shi warkewa.

Gano shi

Nan gizo ke saƙa. Babu gwaji guda da ke tabbatar da nau'in jijiyoyin saƙo, kuma alamunsa na kama da na gocewar faifan wuya ko matsewar jijiya a gwiwar hannu ko tsintsiyarsa. Shi ya sa mutum zai shekara ana ce masa sanyin ƙashi ne. Likita kan sa majinyaci ya ɗaga hannuwa kamar wanda aka ce ya miƙa wuya, ya yi ta dunƙulewa yana buɗewa har minti 3. Mai ciwon da wuya ya kai ƙarshe. Ana ɗaukar hoton wuya da ƙirji don neman ƙarin haƙarƙari, a duba gudun jini da na'ura, wani lokaci a auna saurin saƙon jijiya. A Kumasi irin wannan bincike na kai mutum asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda mutanen gari ke kira Gee.

Ciwon hannun hagu da ya zo da nauyin ƙirji da gumi, ko mutuwar hannu da karkacewar baki, wani abu ne daban. Wannan sai a kira lambar gaggawa ta 112 ko a garzaya asibiti.

Zama da ciwon

Jigon maganin nau'in da ya fi yawa shi ne motsa jiki a hannun likitan gashin ƙashi, kuma aiki ne na wata uku zuwa shida, ba na mako ba. Ana koya wa mutum ya ja haɓa baya, ya matse allunan kafaɗa, ya dafa bakin ƙofa ya miƙe tsokar ƙirji a hankali. Idan motsi ya tayar da sagewar yatsu, an wuce gona da iri, sai a sassauta. Har numfashi ake gyarawa, domin tsokokin gefen wuya su ne ke ɗaga haƙarƙari na farko idan mutum yana numfashi da saman ƙirji. Wanda ya koyi cika ciki da iska ya sauke musu rabin aiki.

Saura kuma dabarun yau da kullum ne, kuma a gaskiya suna da muhimmanci, don ba kowa ke da halin barin sana'arsa ba. Bakanike ya taka benci don aikin ya sauko daidai ƙirjinsa. Mai kitso ta zaunar da wadda take yi wa a tabarma, ita ta hau kujera, gwiwar hannunta na kusa da jiki. Tela ya ɗaga teburin keke, ya riƙa miƙewa duk rabin sa'a. A raba kaya gida biyu, a daina rataya jaka mai nauyi a kafaɗar da ke ciwo, a daina maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa. Da dare, lokacin da ciwon ya fi tashi, ba a kwanciya a kan hannun ko a ɗora shi sama da kai. A kwanta ta ɗaya gefen a rungumi matashi. Gashi da tsumma mai ɗumi na kwantar da tsoka. Tausa mai ƙarfi a gindin wuya kan ƙara fusata jijiyar, ƙaho kuwa ba ya buɗe ƙofar, kuma haɗari ne ga mai shan maganin tsinka jini.

Farasitamol da ibuprofen da diclofenac na rage zogi. Biyun ƙarshe, idan aka daɗe ana sha ko aka sha da yunwa, suna jawo gyambon ciki kuma suna taɓa ƙoda, abin da mai azumi ya kamata ya kiyaye. Zafin jijiya ya fi jin amitriptyline ko gabapentin, da takardar likita. Tramadol, wanda ya riga ya zama annoba tsakanin matasa masu aikin ƙarfi a Gana, yana danne ciwon har mutum ya ci gaba da aikin da ke lalata jijiyar, sannan ya kama shi. Akan yi allurar Botox, mai sassauta tsoka, a tsokar wuya, amma sauƙinta ba ya wuce kusan wata uku.

Tiyata

Idan motsa jiki ya gaza, ko tsokar hannu ta fara zubewa, ana cire haƙarƙari na farko da wani ɓangare na tsokar wuya, ta saman ƙashin gindin wuya ko ta hammata, hanyar da likitan fiɗa David Roos ya bayyana a 1966. Mai daskararren jini ana fara narkar da gudan, a ba shi maganin tsinka jini, sannan a buɗe ƙofar. Aikin na iya taɓa jijiya ko huhu, kuma a wasu ciwon kan dawo bayan shekaru. Cibiyar tiyatar zuciya da ƙirji ta ƙasar Gana tana asibitin Korle Bu da ke Accra.