Waiwaye: Daren da roka ta kama da wuta da mutum biyu a kanta

Tun da 'yan sama jannatin Amurka biyu suka tafi tashar sararin samaniya a watan Yunin 2024 da niyyar yin kimanin mako guda, amma ba su dawo ba sai a Maris na 2025, muhawara kan hatsarin wannan tafiya ba ta lafa ba, har a majalisun Kano. A teburin wani mai shayi da ke kusa da Ƙofar Nassarawa na ji wani dattijo yana cewa duk ganganci ne, sai wani ɗalibi ya ce masa, "Baba, ai da aka ga kumbonsu ya sami matsala aka dawo da shi babu kowa a ciki, wannan shi ne hankali." Gardamar tasu ta girmi ɗalibin nesa ba kusa ba.

Manyan musibun sanannu ne. A 1967 gobara ta kashe mutum uku a cikin kumbon Amurka Apollo 1 ana tsakiyar gwaji a ƙasa, a shekarar kuma Vladimir Komarov na Tarayyar Sobiyet ya mutu saboda laimar kumbonsa ba ta buɗe yadda ya kamata ba. A 1971 iska ta zurare daga kumbon Sobiyet Soyuz 11, mutum uku suka rasu. Jiragen sama jannatin Amurka Challenger a 1986 da Columbia a 2003 kowanne ya tafi da rayuka bakwai.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne daren 26 ga Satumba, 1983, a sansanin Baikonur da ke Kazakistan. 'Yan sama jannatin Sobiyet Vladimir Titov da Gennady Strekalov suna ɗaure a kujerunsu a ƙololuwar rokar Soyuz, saura kimanin daƙiƙa 90 a harba su, sai mai ya tsiyaya a gindinta, wuta ta tashi. A saman kumbon akwai wata siririyar hasumiya mai ɗauke da ƙananan rokoki, wadda ba ta da wani aiki sai fizge ɗakin mutane ta gudu da shi idan abu ya ɓaci. Sai dai wutar ta riga ta cinye wayoyin da za su tayar da ita, su kuma na ciki ba su da maɓallin da za su danna. Dole aka koma ga hanya ta biyu da aka tanada tun da farko, wato aika umarni ta rediyo daga nesa, wanda sai ma'aikata biyu sun danna kusan lokaci guda. Hasumiyar ta fizge su da ƙarfin da ya ninka nauyin jikinsu sau 14 zuwa 17, daƙiƙu kaɗan bayan haka rokar ta tarwatse. Sun sauka da laima kimanin kilomita huɗu daga wurin, da ransu, yayin da dandamalin ya kwana yana ci.

Shekara biyu da wata huɗu bayan nan Challenger ya wargaje, daƙiƙa 73 da tashi. An yi ta ɗora laifin kan zoben robar toshe mahaɗar roka da sanyi ya sandarar, kuma gaskiya ne, amma ɗakin mutanen ya fito daga cikin wutar bai tarwatse ba, ya faɗa tekun Atlantika babu laimar da za ta tare shi. Irin wannan jirgi ba shi da hasumiyar kuɓuta, domin tunanin da ya yi tashe a zamanin shi ne injin ya kai ingancin da tafiyar za ta zama tamkar ta jirgin sama. Duk wanda ya taɓa ganin gobara a kasuwa ya san ana tuna ƙofar fita ne a ranar da babu halin gina ta.

A ranar 11 ga Oktoba, 2018, rokar Soyuz ta sake samun matsala kimanin minti biyu da tashi. An riga an yar da hasumiyar, amma wasu injuna na ko-ta-kwana da ke jikin murfin kumbon suka janye Nick Hague da Aleksey Ovchinin, suka sauka lafiya. Sababbin kumbunan Amurka masu ɗaukar mutane duk sun koma ga tsarin kuɓuta. Shi kuwa Titov, bayan ya shekara cur a tashar sararin samaniya ta Mir, a 1995 ya hau Discovery, ɗan'uwan Challenger.