Waiwaye: Yadda 'yan takarar Québec solidaire suka yi ta shan kaye har suka shiga majalisar Kebek

A daren 7 ga Afrilun 2014 tun da wuri aka san jam'iyyar Liberal ce za ta kafa gwamnati a lardin Kebek na ƙasar Kanada. Mazaɓa ɗaya ce a tsakiyar birnin Montreal, wato Sainte-Marie–Saint-Jacques, ta hana mutane barci. Da aka gama ƙirge, Manon Massé ta Québec solidaire, ƙaramar jam'iyyar masu ra'ayin gurguzu, ta yi nasara da ratar ƙuri'a 91 kacal. Karo na biyar ke nan da take neman wannan kujera. Ta fara tun zaɓen cike gurbi na 2006, ta sake fitowa a 2007 da 2008 da 2012, duk tana shan kaye tana komawa unguwar tana ƙwanƙwasa ƙofofin da ta ƙwanƙwasa a baya. Da irin wannan naci jam'iyyar ta samu kusan duk kujerunta na farko, kuma a nan ne ƙarfinta da rauninta suke.

Sai an koma baya kaɗan kafin a gane abin da ya sa masu ra'ayin gurguzu suka daɗe ba su da tasu jam'iyyar a Kebek. Lardin na masu magana da Faransanci ne a cikin ƙasar da Ingilishi ya fi rinjaye, kuma tun shekarun 1970 tambaya ɗaya ce ta mamaye siyasarsa: a ɓalle daga Kanada ko a zauna? Jam'iyyar Parti Québécois, wadda René Lévesque ya kafa a 1968 ta kuma hau mulki a 1976, ita ce ke riƙe da tutar ɓallewa, kuma 'yan ƙwadago da malaman makaranta da masu fafutukar haƙƙin mata galibi a inuwarta suke fakewa. An yi ƙuri'ar raba gardama sau biyu, a 1980 da 1995. A ta biyun masu son ɓallewa sun samu kashi 49.4 cikin 100, saura ƙiris.

Bayan wannan kayen ne zama ya fara tsami. Firimiyan lardin, Lucien Bouchard na Parti Québécois, ya sa gaba sai ya toshe giɓin kasafin kuɗi, aka zaftare kuɗin asibitoci da na tallafin marasa ƙarfi, aka tura dubban ma'aikatan jinya ritaya tun lokacinsu bai yi ba. Waɗanda suka yi wa jam'iyyar wahala shekara da shekaru suka ga abin da ake yi bai da maraba da na abokan hamayya. A zaɓen cike gurbi na mazaɓar Mercier a 2001, Paul Cliche, wanda ƙananan ƙungiyoyin gurguzu suka haɗu suka mara wa baya, ya samu kusan kashi 24 cikin 100. Bai ci ba, amma ya nuna akwai ƙuri'a a wurin. A 2002 ƙungiyoyin nan, har da jam'iyyar kwaminis ta lardin, suka dunƙule suka zama Union des forces progressistes. A Fabrairun 2006 kuma wannan ta haɗe da Option citoyenne ta Françoise David, matar da ta jagoranci tattakin mata na 1995 zuwa birnin Kebek don neman a yaƙi talauci. Nan aka haifi Québec solidaire.

Tun farko sun ce ba za su yi shugaba guda ba, sai kakaki biyu, mace da namiji. David ta riƙe ɓangaren mata, Amir Khadir na maza, likita ne haifaffen Tehran da iyayensa suka kawo shi Kanada yana yaro. A zaɓen 2007 sun tsayar da 'yan takara a kusan dukkan mazaɓu 125 na lardin, fiye da rabinsu mata. Sakamako: kashi 3.6 cikin 100, ko kujera ɗaya babu.

To me zai sa malamar makaranta ko ma'aikacin jinya ya yarda a manna hotonsa a jikin turakun lantarki na garin da ya san ko kashi 5 ba zai samu ba? Akwai aƙida, ba shakka, amma akwai lissafi. A Kebek hukumar zaɓe na raba wa jam'iyyu kuɗi duk shekara gwargwadon ƙuri'un da kowace ta samu a faɗin lardin. Tun 2013 ma, bayan badaƙalar cin hanci a kwangilolin gine-gine, aka taƙaita abin da mutum ɗaya zai ba jam'iyya zuwa dala 100 a shekara, aka ƙara kason gwamnati. Saboda haka ɗan takarar da ya zo na huɗu a wani ƙauye bai yi aikin banza ba, ƙuri'unsa kuɗi ne da za a kai mazaɓu biyu ko uku na Montreal inda ake da ran ci. Shi dai kamar mai noman gandu yake, ya sha rana, amfanin ya shiga rumbun gida. Kuma sai wanda ya kai kashi 15 cikin 100 ake mayar wa rabin abin da ya kashe, abin da yawancinsu ba sa kaiwa a wancan lokaci.

Khadir ne ya fara buɗe ƙofa a Disambar 2008, a Mercier, a karo na uku da ya nemi kujerar. Shi kaɗai ne a majalisa shekara huɗu, kuma bai bari an manta da shi ba; kwanaki kaɗan bayan zaɓensa ya jefi hoton George Bush da takalmi a wata zanga-zanga a Montreal, jaridu suka yi ca a kansa. David ta bi sahu a 2012 a mazaɓar Gouin, ita ma a karo na uku. A zaɓen ne Parti Québécois ta kafa gwamnati da kujeru 54 ba tare da rinjaye ba, magoya bayanta kuwa suka ɗora laifin a kan Québec solidaire: kuna raba ƙuri'a, kuna yi wa Liberal aiki. Wannan zargi ya bi 'yan takararta ƙofa-ƙofa shekaru da yawa. A 2017 aka yi musu tayin ƙawance, wakilan jam'iyya suka yi watsi da shi a babban taronsu.

Shekarar 2017 ɗin ce dai ta sauya musu fuska. Gabriel Nadeau-Dubois, wanda ya yi suna a yajin aikin ɗalibai na 2012 kan ƙarin kuɗin jami'a, ya shigo ya gaji kujerar David, matasa suka biyo shi. A zaɓen Oktoban 2018 jam'iyyar ta samu kashi 16 cikin 100 da kujeru 10, ta kayar da shugaban Parti Québécois, Jean-François Lisée, a mazaɓarsa ta Rosemont. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne kujeru huɗu a wajen Montreal: biyu a birnin Kebek, ɗaya a Sherbrooke, ɗaya a Rouyn-Noranda, garin ma'adinai can arewa maso yamma, inda matashiya Émilise Lessard-Therrien ta yi nasara.

Musulmin lardin suna da dalilin lura da jam'iyyar. A 2019 gwamnatin François Legault ta kafa dokar da ta hana sababbin malaman makarantun gwamnati da 'yan sanda da alƙalai sanya alamar addini a bakin aiki, dokar da mata masu hijabi suka fi jin raɗaɗinta. Québec solidaire ta ƙi dokar, alhali dokar tana da farin jini a wurin masu magana da Faransanci, waɗanda su ne jam'iyyar ke neman ƙuri'arsu. A ganina wannan yana daga cikin matsayin da suka ɗauka suna sane da cewa zai ci musu ƙuri'a a karkara.

Zaɓen 2022 ya nuna inda bango yake. Sun samu kashi 15.4 cikin 100, sun zo na biyu a yawan ƙuri'u, amma kujeru 11 suka tashi da su. Liberal da ta samu kashi 14.4 ta kwashi 21. Jam'iyyar Legault da kashi 41 ta handame 90 daga cikin 125, 'yan mazan jiya kuma da kusan kashi 13 suka tashi a tutar babu. Tsarin da aka gada daga Ingila ke nan, irin wanda Najeriya ma ke amfani da shi a zaɓen majalisa: wanda ya fi ƙuri'a a mazaɓa shi ke da kujera, na sauran sun bi ruwa. Legault ya sa hannu a 2018 kan alkawarin sauya tsarin, da ya ga tsarin ya karɓe shi sai ya yi watsi da ƙudirin. Ƙaramar jam'iyya kuma kuskure kaɗan ke jijjiga ta. Wata 'yar takararsu a gabashin Montreal ta janye ana dab da zaɓe bayan kyamarar wani gida ta ɗauke ta tana zare takardar kamfen ɗin Parti Québécois daga akwatin wasiƙa, janyewar da ta share wa shugaban waccan jam'iyya hanyar cin kujerar.

Mafi ciwo shi ne rasa Rouyn-Noranda. Lessard-Therrien ta tsaya kai da fata kan gubar da masana'antar narka tagulla ke fitarwa a garin, amma da wannan masana'anta garin yake ci, kuma abokan hamayya sun yi ta yayata cewa harajin da jam'iyyarta ke son ɗora wa manyan motoci masu shan mai, mutanen karkara zai faɗa wa. An zaɓe ta kakakin jam'iyya a ƙarshen 2023 don ta farfaɗo da reshen karkara, ta yi murabus a Afrilun 2024 tana ƙorafin cewa wasu 'yan tsiraru ne ke juya jam'iyyar. Gardama ta ɓarke tsakanin masu son a sassauta manufofi a nemi mulki da masu cewa hakan shi ne hanyar da Parti Québécois ta bi ta ɓata. Ruba Ghazal, 'yar asalin Falasɗinu haifaffiyar Lebanon wadda ta gaji kujerar Khadir a Mercier, ta karɓi muƙamin a Nuwambar 2024, Nadeau-Dubois kuma ya sauka daga nasa muƙamin na kakakin ɓangaren maza a Maris na 2025. Bayan zaɓen 2022, dukkan kujerunsu sun kasance a Montreal da birnin Kebek da Sherbrooke.