Wai kujerar mota mai tsada duk fatar saniya ce?

Ranar kasuwar Wudil in alhaji ya faka Marsandi ko Lexus sai ka ji samari na cewa kai wannan kujera fata ce zalla, har jikoki ba za ta yage ba. To jama'a ba haka abin yake ba fa.

Da yawansu ba fata ba ce sam. Marsandi suna da MB-Tex, Lexus na da NuLuxe, Toyota kuma SofTex, duk roba ce aka sarrafa ta yi kama da fata. Abin dariya ma mu muna ce mata kujerar leda, ashe mun faɗi gaskiya ba mu sani ba. Kuma wallahi MB-Tex ɗin nan ta sha fin fatar gaske jure wahala.

Ita ma ta gasken ba irin wadda majema ke jemewa a yi jaka ko takalmi ba ce, an bi samanta da fenti da wani siririn rufi kamar roba, shi ya sa masu shafa mata basilin ko man gyaɗa wai ta yi laushi ɓata lokaci kawai suke, man ba ya ratsawa, ƙurar hunturu yake kamawa ta zama datti.

Maganar daɗin zama kuwa, bar mota a rana cikin Afrilu zafi ya haura 40 ka zo ka zauna, za ka gane kurenka. Ranar nan ce ke busar da fatar har ta tsattsage, musamman gefen da direba ke gogawa wajen shiga da fita. A nema mata inuwar darbejiya, a sa abin tare rana a gilashin gaba, a riƙa gogewa da tsumma mai ɗan danshi.