Talla na minti biyu, musu na mako guda: tambayoyi kan somin-taɓin fina-finan almarar kimiyya

A fadarmu ta Sabon Gari, nan Damagaram, shayin farko bai ma tafasa ba wani ƙanenmu ya miƙo salula. An saki tallan wani fim mai dogon zango, irin na jiragen sararin samaniya da duniyoyin da ba wanda ya taɓa takawa. Minti biyu ne da ɗoriya. Har aka sha shayi na uku ana musu: wannan ya rantse an lalata labarin, wancan ya ce ba a taɓa yin irinsa ba, alhali ko kashi ɗaya bai fito ba. Tambayoyin da suka taso a daren nan su ne na tattara.

Wai mene ne wannan ɗan guntun da ake saki kafin fim ya fito?

Talla ne, kada a ɗauke shi wani abu daban. Akan fara da gajere, wanda bai cika wuce minti ɗaya ba, don a ɗanɗana wa mutane. Daga baya a saki cikakke, mai minti biyu zuwa uku, da ranar fitowa. Sau da yawa ma ba masu shirya fim ɗin ke yanka shi ba, akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan. Zango ɗaya yakan kai kashi takwas ko goma, kowanne kusan awa guda. Ka ga an tsamo minti biyu ne daga awa takwas. Duk wanda ya taɓa sayen tumatir a Kasuwar Dole ya san waɗanda ake jerawa a saman kwando. Ba ƙarya mai tumatir ya yi ba, nasa ne duka, amma shi ya zaɓi wanda za ka fara gani.

Me ya sa masoyan irin wannan fim suka fi kowa saurin hawa?

Saboda su ba labari kawai suke bi ba, gari ne aka gina musu suka tare a ciki. Sun san sifar kowane jirgi, launin kowace riga, da wanda ya haifi wa, kamar yadda ɗan Birni ya san lungunansa ko da kuran ya ɗauke. Kuma garin tsoho ne. Doctor Who ya fara a BBC a 1963, Star Trek kuma a tashar NBC ta Amurka a 1966. Akwai wanda da kakansa ya fara kallo. In ka sauya masa ƙofar gida, ai sai ya tambaye ka dalili.

Shi ya sa ba kallon talla suke yi ba, tsefe shi suke. Su tsayar da hoto, su zuƙo wani rubutu da ke jikin bango can baya, su gina hasashe a kai.

Misalin da ba ya tsufa shi ne na ranar 16 ga Yuli 2017. BBC ta jira aka gama wasan ƙarshe na maza na tanis a Wimbledon, sannan ta saki bidiyo na kimanin minti ɗaya: wani mutum rufe da kai yana tafiya a daji, ya yaye hular, sai ga mace, Jodie Whittaker. Ita ce mace ta farko da aka ba matsayin babban jarumin Doctor Who bayan shekara fiye da 50 ana ba maza. Wasu suka yi guɗa, wasu suka ce sun yi sallama da shirin. Zangon nata kuwa bai fara ba sai Oktoba 2018. Wato an shafe shekara guda da watanni ana faɗa kan abin da ba a gani ba.

In kuma daga littafi aka ɗauko labarin, wutar ta fi ruruwa. Da Netflix ta shirya 3 Body Problem, wanda ya fito a Maris 2024 daga littafin marubucin ƙasar Sin Liu Cixin, ta mayar da yawancin labarin Ingila, ta sauya mutanen ciki. Waɗanda suka karanta littafin tun a talla suka gane, tun a nan suka fara gunaguni.

Wannan hayaniyar tana sauya wani abu kuwa?

Jifa-jifa. A Afrilu 2019 aka saki tallan fim ɗin Sonic the Hedgehog, mutane suka ga an yi wa dabbar haƙora irin na mutum da ƙananan idanu, suka yi caa. Kamfanin ya ɗage fitowar daga Nuwamba 2019 zuwa Fabrairu 2020, aka sake zana shi. Amma lura, wannan halittar kwamfuta ce, ana iya gogewa a sake. Ɗan wasa mai jini a jika da ya gama aikinsa ya karɓi kuɗinsa, ba wanda zai cire shi don an yi tsaki a Facebook.

Inda masoya suka fi tasiri a fim mai dogon zango shi ne ceto, kuma waɗanda suka kalla ne ke yinsa. A 1968 wasiƙun masoya suka taimaka aka ƙara wa Star Trek zango na uku. A 2018 tashar Syfy ta yar da The Expanse, masoya suka tara kuɗi har suka yi hayar ƙaramin jirgi ya ja ƙyalle a saman ofishin Amazon, Amazon ɗin kuma ta ɗauka ta yi zango uku. A ganina wannan ya fi ƙarfi nesa da zagin talla, don mai kamfani ya san wanda ya kalli awa talatin ba zai gudu ba.

To adadin masu kallo da masu danna "ban so" fa, ba hujja ba ce?

Hujja ce mai rauni. Tun Nuwamba 2021 YouTube ta ɓoye adadin masu "ban so", saboda ana haɗa baki a yi wa bidiyo taron dangi. Sannan akwai masu ci da wannan wuta: mutum ya kunna kyamara yana kallon talla, yana zaro ido yana dafe kai, kuma fushi ya fi yabo jawo masu kallo. Ga kuma tallace-tallacen jabu da ake haɗawa da ƙirƙirarriyar basira, na fim ɗin da ba a ma shirya ba. Mu nan abin ya fi cin mu, don bidiyon yakan iso ne ta WhatsApp ko daga salula zuwa salula, ba sunan tasha, ba kwanan wata. In ba a shafin kamfanin ka gan shi ba, riƙe bakinka tukuna.

Me ya sa wasu hotunan ke fitowa kamar ba a gama su ba?

Don ba a gama ɗin ba. Aikin kwamfuta shi ne na ƙarshe, talla kuwa yakan riga shi fita da watanni. Akan ma ga abu a talla a neme shi a fim a rasa, an yanke.

Ya cancanci in ƙona megana a kai?

Na farko, gajeren, kalle shi. Na ƙarshe da ake saki dab da fitowa ni nakan tsallake, don yakan tona rabin labarin. Bidiyon masu sharhi na minti arba'in kan talla na minti biyu kuwa, wannan megan gara ka ajiye kuɗinsa ka kai wa mai turawa ranar da fim ɗin ya sauka.

Don me kowace duniyar da suke nunawa take kama da hanyar Tanut?

Wannan tambayar ce ta kashe musun da dariya, kuma mai ita yana da gaskiya. Ga Bature, rairayi da duwatsu ba bishiya su ne wata duniya. Star Wars na 1977 a kudancin Tunisiya aka ɗauki hamadarsa, har sunan duniyar aka aro daga garin Tatawin. Wadi Rum na Jodan ma ya sha zama duniyar Mars a fim. Abin da ke sa ɗan Landan riƙe baki, mu yana tuna mana bayan motar Agadas ne da ƙura a haƙori.

Da Disney+ ta fitar da Iwájú a Fabrairu 2024, zane mai motsi mai kashi shida da ta yi da kamfanin Kugali kan Legas ta nan gaba, sai na tambayi ƴan fada: in Damagaram aka nuna a shekara ta 2100 fa? Wanda ke yi wa masu tsefe talla dariya tun ɗazu shi ya fara amsawa. Ya ce jiragen su tashi yadda suka ga dama, shi ƙofar fadar Sarki zai tsayar ya duba, kuma in aka yi wa dogari naɗin rawanin da ba namu ba, sai sun ji daga gare shi.