Waiwaye: Yadda Aka Yi Ta Neman Tsari Ɗaya Na Kula Da Layukan Sadarwa

Kafin shekarun 1980, yawancin ƙasashe kamfanin tarho ɗaya gare su, yana cin karensa ba babbaka. A 1984 aka raba AT&T, babban kamfanin tarho na Amurka, Birtaniya kuma ta sayar da hannun jarin British Telecom. Kasuwa ta buɗe, na'urorin masana'antu daban-daban suka cika ɗakunan aiki, kowace da tata manhajar. Sai ka ga injiniya da tsakar dare gaban alluna jere, kowanne na ƙarar gargaɗi, shi kuwa yana laluben ko waya ɗaya ce ta tsinke ta jawo duka.

Wannan ciwon kai ne ya haifi TMN, wato tsari ɗaya na kula da layukan sadarwa. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta fara zayyana shi a 1988, ta fitar da ƙa'idar M.3010 a 1992. Tsarin ya kasa kulawa hawa-hawa: na'ura ɗaya, sannan layukan gaba ɗaya, sannan hidimar da ake sayar wa jama'a, can sama kuma harkar kasuwanci. Ya ari rabe-raben aikin kulawa guda biyar na ISO, hukumar tsara ƙa'idoji ta duniya, waɗanda ake kira FCAPS, wato matsala, saiti, lissafin amfani, ingancin aiki da tsaro.

Tunanin ya yi kyau, amma CMIP, hanyar da aka zaɓa na'urori su riƙa magana da ita, ta yi nauyi da tsada. A 1988 ɗin nan injiniyoyin intanet suka fito da nasu tsarin magana da na'urori, SNMP, ɗan ƙarami mai sauƙin ɗorawa, wanda aka ɗauka na wucin gadi ne. Shi ya mamaye duniya. A ganina laifin masu TMN ne, don sun rubuta wa kwamiti, suka manta da mai gadin layi da dare.

SNMP ma bai gama komai ba. A wani taro a 2002 masu gudanar da layuka suka faɗa ƙarara cewa sa ido kawai suke yi da shi, saiti kuwa da hannu suke bugawa. Daga nan aka samu NETCONF, hanyar aika wa na'urori saiti, a 2006, da YANG, harshen bayyana tsarin saitin, a 2010. Ta fuskar kasuwanci kuma, ITU ta karɓi eTOM, taswirar ayyukan kamfanin sadarwa ta TM Forum, ƙungiyar kamfanonin wannan fanni, a 2004 da lambar M.3050, kuma har yau kamfanonin waya da shi suke tsara ayyukansu, tun daga karɓar odar abokin ciniki har zuwa aika masa takardar biyan kuɗi.